Gorar Azurfa ta Taubashiyata

Shekarar da muka shiga aji biyar a makarantar kwana ta 'yammata a Gummi, aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga kudu. 'Yar siririya ce, ga ta gajera, in ta tsaya a tsakiyarmu sai ka rantse ɗaliba ce ta ari kakin yayarta. Lissafi aka kawo ta ta koyar, kuma ta koyar iyakar ƙoƙarinta, amma ba lissafin muke tunawa da ita ba. Wata doguwar jaka ta zo da ita. A cikin jakar akwai sanda mai kauri ta wajen kai, da ƙwallaye farare masu ɗinkin jan zare, da safar hannu ta fata guda ɗaya tak, faɗinta kamar faifai.

Ta ce sunan wasan besbol, ta buga shi a jami'arsu. Mu kuwa muna ganin sandar muka sa masa ƙwallon taɓarya, sunan da ya bi shi ke nan har malamar ma ta koma kiransa haka.

Wasan ba shi da wuyar ganewa in an tsaya an kalla. Ɗaya ta jefo ƙwallo, ɗaya ta make shi da gora, sannan ta sheƙa da gudu ta zagaya tashoshi huɗu ta dawo inda ta taso, ci ɗaya ke nan. 'Yan ɗaya ɓangaren suna warwatse a fili, su cafe ƙwallon ko su riga ta kai shi tasha, shi ke nan ta fita. Haka ma in ta kuskure bugu sau uku. Tashoshinmu buhunan siminti ne da muka cika da yashi. In kuwa mai bugu ta make ƙwallon har ya tsallake katanga, to ba ta da sauran gaggawa, ko rangwaɗa ta ga dama ta yi har ta zagayo.

A ajinmu akwai taubashiyata, 'yar kawuna ƙanen Inna, daga Gwashi can ƙasar Bukkuyum. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana rarrafe, don haka in tana tafiya sai ta dafa gwiwa, ta jawo ƙafar. Ba ta taɓa yin gudu ba a rayuwarta. Amma da yake ba a aikenta daji ko gona, dakan gidansu gaba ɗaya a hannunta ya ƙare tun tana ƙarama, ga jan guga. Damatsanta kamar na maƙeri. Bakinta kuma ya fi damatsan ƙarfi. Da yake ita 'yar namiji ce ni 'yar mace, ba ta kirana da komai sai baiwarta, ni kuma in ce mata uwar son jiki.

In an fita wasanni da la'asar, aikinta shi ne zama a gindin dogon yaro tana gadin takalmanmu, tana yi mana tsiya. Kuma a makonnin farko mun ba ta abin faɗa. Wata ta rufe ido ta kai duka, wata ta saki gorar ta tashi sama mu watse muna ihu, wata kuma ta bugi ƙwallon da ƙyar, don murna ta ruga ta baya, ta fara da tasha ta ƙarshe. Ni dai an gano hannuna yana da saiti, sai aka mai da ni mai jifa. Amma in aka ba ni gora, iska kawai nake duka.

Ran nan na kai duka na kuskure har gorar ta juya da ni, sai muka ji murya daga gindin bishiya.

“Wayyo baiwata! Ko kaza ba ki iya kora da sandar ga. Ki ba mutane wuri!”

Malama ta juya. Hausarta ba ta nuna ba, amma tana jin tsiya in an yi ta.

“Ke mai baki,” ta ce, “zo ki gwada.”

“Ni, Malama? Da ƙahwa ɗaya?”

“Ba ƙafa ne zai buga ba. Zo.”

Ta taso tana dafa gwiwa, muna ta shewa. Ta karɓi gorar, ta jinjina ta, ta tofa yawu a tafin hannu kamar za ta shiga dakan fura. Malama ta gyara mata tsayuwa, ta sa nauyinta ya koma kan ƙafar mai lafiya. Na jefa na farko. Ta kai masa wani irin duka, ta kuskure, ta juya sau ɗaya ta zauna daɓas a ƙasa. Ita ta fara dariya kafin mu. Ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta nuna ni da gorar.

“Sake jehowa. Kuma ki jeho da ƙarhi, ba sadaka nike roƙo ba.”

Na jefa da duk ƙarfina, da niyyar in kunyata ta. Ƙarar da muka ji ba mu taɓa jin irinta a filin nan ba, ƙwal, kamar an fasa goruba da dutse. Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Ƙwallon ya yi sama, ya ƙanƙance, ya wuce kan masu tsaron fili, ya wuce katangar makaranta, ya faɗa cikin gonar dawar wani tsoho da ke maƙwabtaka da mu.

Sai Malama ta daka tsalle ta hau ihu da yarensu, hularta ta faɗi ba ta ko waiwaye ta ba. Mu ma muka ɗauka. Wasu suna birgima a ƙasa, wasu sun rungume juna. Taubashiyata tana tsaye da gora a hannu, baki buɗe.

“To yanzu mi za ni yi?”

“Zagaya!” in ji Malama. “A hankali. Ba mai taɓa ki.”

Haka ta zagaya tashoshin nan huɗu tana jan ƙafa, tana ɗaga mana hannu kamar matar gwamna ta zo buɗe asibiti. Da ta iso kusa da ni ta ce a kunnena, “Na gode da sadaka.”

A yammacin ne Malama ta tara mu a gindin bishiyar ta fito da wayarta. Ta ce a Amurka, inda ake wasan nan a matsayin sana'a, akwai wani gurbi na musamman. Da yake mai jifa yawanci bai iya bugu ba, an yarda ƙungiya ta ajiye mutum ɗaya da zai riƙa bugu a madadinsa. Shi wannan ba ya fita fili tsaron ƙwallo, ba ya shan rana. Yana zaune a benci har layinsa ya zo, ya tashi ya make ƙwallo, in ya gama zagayensa ya koma ya zauna. Ta nuna mana hoton bidiyo. Muka taru kan 'yar wayar nan kai da kai. Ga wasu ƙarti masu tumbi suna zaune a inuwa suna tauna wani abu, ɗaya ya miƙe da ƙyar, ya yi duka ɗaya, jama'a cike da fili suka tashi tsaye.

“Kuma biyansu ake yi?” in ji wata.

“Sosai. Kuma ƙarshen shekara ana zaɓen wanda ya fi duka a cikinsu, a ba shi kyauta tasa ta daban. Har gora ta azurfa ana ba gwanayen bugu.”

Muka kwashe da dariya har wata ta ƙware. Taubashiyata ba ta yi dariya ba tukuna. Ta karɓi wayar ta ƙura wa ƙaton nan ido.

“Ashe aikina na can Amurka shina jirana,” ta ce, “ni ina nan ina gadin silifa.”

Daga ranar ta zama mai bugu a madadina. Ni in tsaya a rana ina jifa har kafaɗata ta yi tsami, ita tana kan benci a inuwa tana cin gyaɗa. In layina ya zo sai ta miƙe tana miƙa, ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, “Haka Allah ya tsara. Baiwa ta yi aikin rana, uwargijiya ta zo ta ɗauki suna.” Ni kuwa sai in haƙura, don tun da ta karɓi gorata ɓangarenmu bai sake shan kashi ba.

Ba kullum take dacewa ba. In ƙwallon bai tsallake katanga ba, dole ta kai tasha ta farko da ƙafarta, kuma kafin ta yi rabin hanya an riga ta. Sau da yawa ta dawo benci tana huci, ba ta kula kowa. Sai ta daina neman ƙaramin bugu kwata-kwata. Ko dai katanga, ko ta kuskure gaba ɗaya. Bayan sallar asuba, kafin a buga ƙararrawar shara, takan ja ni bayan ɗakin kwana in yi ta jefa mata ƙwallon goruba tana makewa, har muka ƙarar da na gindin bishiyar da ke wajen kicin.

Tsohon nan mai gonar dawa da farko ƙara ya kawo wurin shugabar makaranta, wai muna tattake masa shuka wajen neman ƙwallo. Aka hana mu shiga, aka roƙe shi in ya gani ya jefo mana. Bai yi mako biyu ba ya kamu. Da la'asar ta yi sai mu hango hularsa ta bayan katanga, ya hau kan wani suri yana leƙe. In taubashiyata ta tashi daga benci sai mu ji ya ɗaga murya, “Ga ta nan! Ku ja da baya!” In ƙwallon ya wuce shi ya bi shi da gudu cikin dawa, ya dawo yana haki ya wurgo mana, yana cewa, “Yarinyar ga ba da hannu ta ka bugu ba, da zuciya ta ka bugu.”

Malama tana da wata ƙawa, ita ma 'yar bautar ƙasa, a wata makarantar 'yammata a Anka, ita ma ta koya wa ɗalibanta wasan. Suka shirya mana karawa. Lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba, 'yan Anka suka zo da hantsi a motar makarantarsu suna waƙa. Dogaye ne, ga gudu kamar barewa, kuma suna da safar hannu har uku. Tun kafin a je ko'ina suka wuce mu. Taubashiyata ta tashi sau biyu, sau biyu tana kuskurewa. Na ga wasu daga cikinsu suna kwaikwayon tafiyarta a ɓoye suna ƙunshe dariya. Ita ma ta gani.

A zagayen ƙarshe suna gabanmu da ɗaya, muna da mutum ɗaya a tasha, kuma in aka fitar da mai bugu wasa ya tashi. Layina ne, wato nata. Ta miƙe ta ba ni sauran gyaɗarta ta ce in riƙe mata. 'Yan Anka suka matso kusa-kusa, don sun san ba za ta iya gudu ba. Ɗaliban makarantarmu duka suna bakin fili, har masu dafa abinci sun baro tukwane. Aka jefo, ta kuskure. Aka sake jefowa, ta kuskure. Na cusa bakin hijabina a baki ina taunawa. Ta bayan katanga tsoho yana ta kiran sunayen Allah.

Na uku ba mu ma ga tafiyarsa ba. Sai dai muka ji gwaram, tankin ruwa na ƙarfe da ke kan hasumiya a kusurwar katanga ya amsa kamar an buga ganga, tsuntsaye suka tashi, ƙwallon ya yi tsalle ya faɗa waje. Tsoho ya ɗaga hannu biyu sama, ya manta a kan suri yake, muka ga hula ta ɓace.

Ban san lokacin da na zubar da gyaɗar ba. Ci biyu ke nan, da ita da wadda ke tasha, mun cinye wasan. Fili ya rikice. Malamar 'yan Anka ta so ta yi gardama wai tanki ne ya taimaka, amma ita kanta dariya ta hana ta ƙarasa magana. Taubashiyata ta zagaya a hankali fiye da kullum, a kowace tasha ta tsaya ta gaida mai tsaronta, “Sannu da aiki, ya hanya?” Tana taka buhun ƙarshe muka ɗauke ta sama, mu wajen goma, muka zagaya da ita har muka faɗi tare. Kafin 'yan Anka su hau mota sai da suka yi layi suna taɓa damtsenta. Lotsawar da ta yi wa tankin nan tana nan har muka bar makarantar, sababbin ɗalibai ana kai su a nuna musu.

Da ranar raba kyaututtuka ta matso, muka ɗauka maganar ta ƙare, kyautar wasan nan tata ce. Sai malamin wasanni ya ce a'a. Mutum ne mai gaskiya, ba mugu ba, amma in ya kafe ya kafe. Ya ce kyauta ta wadda ta yi wasa cikakke ce, ta yi gudu, ta cafe, ta sha rana. Ya zaɓi wata 'yar aji shida mai tsaron fili, kuma ta cancanta.

“Ita waccan rabin wasa take yi,” ya ce. “Ya za a ba rabi kyautar duka?”

Malama ta ce masa ko a Amurka an daɗe ana wannan gardamar, wasu har yau suna ganin mai bugu kaɗai bai kai sauran ba, shi ya sa aka ware musu kyautarsu. Ya ce to nan Gummi ne.

Muka haɗa tawaga muka tafi ofishin shugaba, Malama a gaba da wayarta. Shugabarmu babbar mace ce mai jiki, ba ta cika dariya ba. Ta sa tabarau ta kalli ƙaton nan na Amurka yana tashi daga benci, ya yi dukansa, aka miƙa masa kyauta yana murmushi. Ta sa aka maimaita mata. Sai muka ga kafaɗunta suna rawa.

“Wannan ai irina ne,” ta ce. “Ku ce ya zauna a inuwa duk yini, sannan a ba shi kyauta?” Ta share hawaye da gefen mayafi. “To ita ɗiyar nan ta fi shi, don shi ƙafarsa biyu. A ba ta. Amma ni ba ni da azurfa, ku san yadda za ku yi.”

Wani masassaƙi a kasuwa ya sassaƙa mana gora da itacen ƙirya, muka kai masa ta Malama ya duba. Azurfar kuwa, fentin nan mai ruwan azurfa da ake shafa wa ƙofar ƙarfe muka samo wurin mai gadi. Sai dai masassaƙin bai gama ba sai a jajibiri, don haka da safiyar bikin muka shafa fentin, muka ninka har sau biyu don ta yi ƙyalli, muka jingine ta a rana muna yi mata fifita da kwali.

Kawu ya zo daga Gwashi tare da matarsa, Inna ma ta zo. Babban baƙo wani jami'i ne daga ƙaramar hukuma, cikin farar shadda mai aiki har gwiwa. Aka raba bokitai da kwanoni da sabulai, 'yar aji shida ta karɓi nata muka tafa mata da gaske. Sannan malamin wasanni, shi da kansa, ya gyara murya a lasifika ya ce akwai sabuwar kyauta bana, ta gwarzuwar masu bugu kaɗai. Ya kira taubashiyata. Kafin ta kai gaban dandamali tafi ya koma ihu, ihu ya koma guɗa.

Babban baƙo ya karɓi gorar da hannu biyu, ya rungume ta a ƙirji don a ɗauki hoto, ya miƙa mata. Sannan, da yake ana zafi, ya shafa fuskarsa. Da ya juyo wajen jama'a, ga gashin bakinsa ya koma azurfa, ga goshi, ga wata doguwar sanda kwance a gaban farar shaddarsa. Mu da muka yi fentin muka sunkuyar da kai, muna danne dariya. Shugaba ta rufe fuska da takarda. Shi kuwa ya dubi tafin hannunsa, ya dubi rigarsa, ya karɓi lasifika ya ce, “To alhamdu lillahi, ni ma na samu rabona.” Nan wurin ya fashe, har da iyaye.

Da ta sauko na ce mata, “Ke kaɗai ce fa a rukunin naki, da wa kika yi takara?”

“Duk wanda bai zo ba tsorona ya ji,” ta ce, hannuwanta duk fenti.

Na waiwaya in nuna wa Inna, sai na ga matar kawu tana kuka, ba ta ko ɓoyewa. Ta ce tun da ta haifi yarinyar nan, in an ambace ta a taro to jaje za a yi mata. Yau ne karo na farko da aka kira ta a gaban mutane don a tafa. Inna ta riƙe mata hannu, ita ma idonta ya kawo ruwa, amma tana dariya.

Hutun nan a Gwashi na yi shi, don haka mota ɗaya muka shiga da su kawu. Direba ya ce a sa gorar a but ɗin motar, kawu ya ce sam. Ya naɗe ta da takardar siminti ya ɗora a cinya, kan ya leƙo ta taga. Ba mu bar gari ba wani fasinja ya tambaya ko mene ne.

“Kyauta ce ɗiyata ta ciwo a makaranta,” in ji kawu. “Wasan ƙwallo.”

Mutumin ya dubi taubashiyata, ya tuna yadda ta shigo motar ɗazu.

“Gudu ta yi?”

“Ɗiyata ba ta gudu,” in ji kawu. “Ita ta ka bugu, saura su yi ta gudu.”

Daga nan har muka sauka bai yi shiru ba. Ya bayyana musu wasan da bai taɓa gani da idonsa ba, ya ƙara tashoshi, ya ninka tsawon katanga, tankin ruwa ma a bakinsa sai da ya tsage ruwa ya zube. Muna baya muna tsunkulin juna. Da muka isa gida ya sa aka yanka zakara biyu, maƙwabta suka yi ta shigowa ganin azurfa, wasu tsofaffi har suna tambaya ko ta gaske ce.

Malama ta gama bautar ƙasa ta koma garinsu, ta bar mana jakar. Wasan ya ƙara shekara ɗaya, ƙwallayen suka farke, aka ɗinke, suka sake farkewa, daga nan ya mutu. Taubashiyata yanzu tana aure a Anka, tana koyarwa a wata firamare, 'ya'yanta huɗu. Kwanan baya ta kira ni tana dariya tun kafin ta yi sallama, wai shugaban makarantarsu ya rasa wanda zai ba kula da wasanni, ya dubi malamai duka, ya ce ita. Ta ce ta karɓa, kuma ta riga ta sa an kai mata kujera gindin bishiya.